Taken Mai Noma a Tsaye

Ni makaɗin noma ne, ubana ma ita ce sana'arsa, kakana ma haka. Ban faɗi wannan don alfahari ba, ko da yake ba a rasa alfaharin a ciki. Na faɗa ne don a san cewa in na ce na taɓa jin kiɗan da ya tayar mini da tsigar jiki, to ba kunnen ɗan koyo ne ya ji ba.

Ƙauyenmu yana ƙasar Gumel, tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari, can ƙuryar arewa. Ina saurayi Turawa suka zo da raƙuma da igiyoyin awo, suka kafa wani dogon ƙarfe a ƙarshen gonar Sarkin Nomanmu, suka ce daga nan zuwa kudu na Ingilishi ne, daga nan zuwa arewa na Faransa. Tangaraho muke ce wa ƙarfen, kuma babu wanda ya fi awaki amfana da shi, don a jikinsa suke susa. Gaskiya ba shi ya raba mu da mutanen arewa ba, a rabe ya tarar da mu. Tun zamanin yaƙe-yaƙe da Damagaram ba ma ga-maciji da su. Muna hango hayaƙin ƙauyensu, in iska ta juyo har dakan matansu muke ji, amma babu aure, babu gaisuwar mutuwa. In an haɗu a rijiya kowa ya duƙa kan gugarsa.

A wurinmu mutum ba ya zama ɗan gari don ya kafa bukka. Gayya ce ke mai da shi ɗan gari. Maza su taru su nome gonar wane yau, gobe ta wane, ni kuma ina bayansu da ganga. Kowane manomi yana da takensa, wato 'yan kalmomin da ganga ke faɗa dominsa shi kaɗai. Makaɗin garinsu ne ke raɗa masa ranar da ya fara kai sahu ƙarshe tare da manya, kuma sau ɗaya ake raɗawa, kamar suna. In aiki ya yi zafi sai in bi sahu ina kaɗa wa kowa nasa. Wanda ya ji nasa sai ya tsuma, ya yi kirari, Sarkin Noma ya ɗaga masa hauya sama. Ɗaga hauyar nan ita ce shaida. Wanda aka ɗaga wa, gayya za ta je gonarsa. Wanda ba a ɗaga wa ba, shi da ciyawa su ƙarata.

Bayan babbar yunwa da 'yan shekaru, da bazara, wani mutum ya tsallako daga arewa da matarsa da 'ya'yansa ƙanana da akuya guda. Dogo ne siriri, maganarsa sai an roƙa. Aikin dole ya guje wa, don a lokacin ana kwasar mazan can a tafi da su aikin hanya da ɗaukar kaya. Bulamanmu, wato mai garinmu, ya ba shi aron wani fegi a bakin daji, duk ƙarangiya, ya ce ya zauna zuwa kaka. In Sarkin Noma ya karɓe shi, shi ke nan, ya zama namu. In bai karɓe shi ba, da an cire amfani ya san inda dare ya yi masa. Kowa ya san abin da komawa take nufi, domin wanda ya gudu aka kama ba kasafai ake sake jin labarinsa ba.

Sarkin Noman kuwa gajere ne ƙaƙƙarfa, wuyansa kamar turmi. Yana yaro mahayan arewa suka faɗa wa gari suka tafi da uwarsa, shi yana ɓoye cikin rumbu yana jin muryarta. Ba a sake ganinta ba. Ba ya zancen, ba mai yi masa, amma duk wanda ya ga yadda yake tofar da yawu in an ambaci arewa ya san abin yana nan.

Sai kuma maganar hauya. Kakanninmu daga wajen Gagarawa suka taso da gajeriyar hauyarsu, a duƙe muke noma, a sari ƙasa a jawo, a sari ƙasa a jawo. Baƙon nan kuwa da wata hauya ya zo mai ƙota ta fi shi tsawo, bakinta kamar jinjirin wata. A gayyar farko da aka yi bayan shuka ta fito, ya shiga sahu da ita. Na buga ganga, kowa ya duƙa lokaci guda, shi kaɗai yana tsaye ƙiƙam a tsakiya. Samari suka samu abin yi. Wannan ya ce baƙo kiwo ya zo, wancan ya ce a kawo masa kujera ya ƙarasa hutawa. Shi kuma bawan Allah ya dage sai ya bi kiɗana, duk bugun da na yi sai ya caka hauyar kamar mai sara, ita kuwa ta zame ta share shukar gero. Kafin a kai ƙarshen gona ya yi wa mai gonar ɓarna ba kaɗan ba. Sarkin Noma ya bi sahunsa yana tsintar shukar da ta faɗi, ya ɗaga ta kowa ya gani.

"Wanda ya ƙi duƙa wa ƙasa ba na ɗaga masa hauya," in ji shi. "Ga shi kuma yana yanke wa mutane abinci."

Mutane suka watse suna dariya, ni kuwa na koma gida raina a ɓace. Tunda na fara rataya ganga ba a taɓa samun wanda ya rasa inda zai sa ƙafa a ƙarƙashin kiɗana ba. Na sa mai ɗingishi ya kai sahu, na sa ragon da uwarsa ma ta fid da rai da shi ya yi gumi. Wannan dogon ya zo ya mai da gangata kamar ana buga tulu. Da gari ya waye na nufi feginsa da niyyar in wanke shi tas.

Daga nesa na hango shi, sai na tsaya bayan wata sabara, faɗan ya fita daga bakina. Shi kaɗai ne a gonar, yana tafiya a hankali, ƙirjinsa a miƙe. Sai ya tura doguwar ƙotar nan gaba, bakin hauyar ya shige ƙarƙashin yashi ya yi ta tafiya ba a ganinsa, ya jawo, ya sake turawa. Ciyawar tana tsaye kamar ba abin da ya same ta, sai ya wuce sannan ta kwanta. Tsakanin shuka da shuka hauyar take bi, ba ta taɓa ko ganye ɗaya ba. Yana wani gunji a maƙogwaro, dogo, mai ja, jikinsa duka yana binsa. Abin da ya share kafin hantsi, ni da ƙanena ba za mu share ba. Na daɗe a wurin ina kallo, har tururuwa suka hau mini ƙafa ban sani ba.

"Sannu da aiki, baƙo," na ce da na fito.

"Yauwa, sannu makaɗi."

"To jiya me ya same ka? Ko gangar tawa ce ba ta yi maka ba?"

Ya jingina da ƙotar. Can ya ce, "Gangarka lafiyarta lau. Sara take cewa. Hauyata kuwa ba ta sara, tafiya take yi."

"Ku ba ku da makaɗi ne a can?"

"Muna da shi, tsoho ne. Yakan je Maigatari ran kasuwa neman fata." Ya dube ni, ya rage murya, alhali daga mu sai kurciyoyi. "In ka gan shi kada ka ambace ni cikin mutane. Ni a can na mutu."

Ashe da ya gudu, mutanen kumandan, Baturen mulkin Faransa, suka zo nemansa, sai garin gaba ɗaya ya ce zazzaɓi ya kashe shi, har kabari aka nuna musu. Da ba a yi haka ba da ubansa za a tafi a madadinsa, mai garin kuma ya sha bulala.

Da na gaya wa matata zan je Maigatari neman makaɗin arewa, ta ajiye muciya ta dube ni. Ta ce, "Maigida, da gemunka za ka koma koyo? To ka tafi da allo mana." Ban tanka mata ba, don in na tanka ita ke cin nasara.

Kasuwar Maigatari ko a lokacin ba ta da ruwa da tangaraho. Ga Buzaye da raƙuman gishiri, ga Mangawa da kanwa, ga Fulani da shanu, kowa yana ciniki da harshen da ya samu. Na wuce rumfar masu fata, ban tambayi kowa ba. Makaɗin noma ba ya ɓuya, kafaɗarsa ta hagu takan karkace saboda rataya. Na ga wani ɗan tsoho ƙanƙane ya ɗaga fatar akuya yana ɗan ƙwanƙwasa ta da farce, ya kara a kunne. Na tsuguna na gaishe shi. Bai dubi fuskata ba, kafaɗata ya duba.

"Daga ina, ɗana?"

Na faɗa masa ƙauyenmu. Sai ya ajiye fatar.

"Kai ne mai hana mu sakat da damina? Tun kana koyo nake jin ka. Ubanka ya fi ka hannun hagu, kai ka fi shi zafi." Ya yi ɗan murmushi. "Shekarar da gangarku ta sauya hannu na gane. Na tara yarana muka yi masa addu'a."

Ban san lokacin da na zauna dirshan a ƙasa ba. Ubana ya rasu, mutanen da muka zauna da su gida ɗaya wasu ba su taka sun yi mana gaisuwa ba, ga wani can bayan ƙarfe, wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba, ya ji mutuwarsa a fatar ganga ya yi masa addu'a. Mamaki da kunya suka kama ni. Na ce masa, "Baba, kiɗan noman tsaye nake so in ji."

Bai tambaye ni dalili ba. Ya ce gobe akwai gayya a garinsu, in zo, amma kada in zo da ganga.

Kashegari na wuce tangaraho ina jiran in ga abin da zai sauya. Babu abin da ya sauya. Yashin nan ne dai, gawo ɗin nan ne dai, har ƙarangiyar ma irin tamu ce wajen mugunta.

Kafin in ga gonar na ji gangar. Da farko ban gane kiɗa ba ne. Wani dogon nishi ne mai zurfi, yana tashi yana ja, sai can a ƙarshensa ka ji bugu ɗaya, a hankali, ya sake tashi. Na hau wani tudun yashi, sai ga su. Maza ne sahu guda daga wannan gefen gona zuwa wancan, duk a tsaye, kafaɗa da kafaɗa, dogayen ƙotocin nan suna tafiya gaba tare suna dawowa tare, ba wadda ta riga wata. Ƙarar bakunan hauyoyin a ƙarƙashin yashi kamar ruwan farko a kan jinka. Kuma waƙa suke yi. Wannan ne ya fi ɗaure mini kai. Mu masu duƙawa ba ma waƙa a gona, ciki a matse, sai dai nishi da kirari. Su kuwa ƙirji a buɗe, fuska a sama, muryoyinsu suna hawa kan gangar suna tafiya. Ɗan tsohon nan yana bayansu da gangar da ta kusa rufe shi, tafin hagunsa yana jan fatar a hankali, gular kiɗan da ke damansa ba ta sauka sai hauyoyi sun juyo. Na yi shekaru ina tsammanin na san iyakar abin da fatar akuya za ta iya faɗa. Ran nan na tsaya a kan tudu idanuna suka ciko, ban kuma ji kunyar hakan ba.

Da ya hango ni ya yafuto ni. Na ɗauka ganga zai miƙo mini, sai ya sa aka ba ni hauya.

"Ba zan iya gaya maka ba, ɗana," in ji shi. "Kafaɗarka za ta gaya maka."

Aka buɗa mini wuri a sahu. Ban yi nisa ba bayana ya koma inda ya saba, na fara duƙawa ina caka. Samarinsu suka samu abin yi. Wani ya ce mutumin kudu allurarsa ta faɗi, a taya shi nema. Na cije, don na san inda na taɓa jin irin wannan dariyar. Sai da rana ta ɗaga sosai jikina ya saki, na daina faɗa da ƙotar, na bar ta ta tafi. A nan na ji inda bugun yake zaune. Ba wurin turawa yake ba, wurin da mutum ke jawo numfashi yake.

Akwai abin da na lura da shi a sahun. Kusa da wani dattijo mai farin gemu an bar gurbin mutum ɗaya, ba wanda ya matsa ya cike. Da tsohon makaɗin ya fara bin sahu yana kaɗa take, ya yi wa dattijon nasa, ya zo kan gurbin sai ya ɗaga gula sama, ya wuce bai buga ba. Dattijon bai waiwaya ba.

Da aka tashi shan fura, makaɗin ya ja ni gindin wani gawo nesa da mutane.

"Yaron yana lafiya?" Haka ya tambaye ni, ba wani kewaye-kewaye.

"Lafiyarsa lau, Baba. Amma in ba a ɗaga masa hauya ba, da kaka zai dawo muku."

Ya ajiye ƙwaryar furarsa. Ya ce, "Ni na raɗa masa take. Tun da muka ce ya mutu ban sake kaɗawa ba. In ya fito daga gangata na ƙaryata garinmu, na jefa mai gari da uban yaron cikin wuta. In kuwa daga gangar kudu ya fito, wani mutumin kudu ne mai irin takensa, wa zai tsallaka ya tambaya?" Ya matso. "Miƙo cinyarka."

A kan cinyata ya kaɗa mini shi da yatsu, a hankali, yana faɗin kalmomin cikin raɗa: riga rana fita, ɗan mai rumbu a bakin daji. Ya maimaita har ya zauna mini. Sannan ya ce, "Na ba ka. Daga yau ba nawa ba ne."

A sana'armu ba a ba da take. Makaɗi ya gwammace ya ba ka rigarsa. Na rasa godiyar da zan yi, sai na kama hannunsa da hannu biyu. Kafin in tafi ya tambaye ni yaushe ne maimai, wato noma na biyu, a gonar Sarkin Nomanmu, wadda ke jikin tangaraho. Na faɗa masa. Ya ce gonar da ke manne da ita ta ɓangarensu ta dattijon nan ce mai farin gemu, uban yaron, kuma ita ma tana son maimai. Ya ƙara da cewa ba wanda ya taɓa hana mutum nome gonarsa.

Na dawo na shiga koyo a bayan gida. Hannun hagun da aka ce ubana ya fi ni, shi na sa a gaba. Matata ta ce gangar tana nishi kamar saniya mai naƙuda, ko in kira mata Bafillace. Ban gaya wa kowa abin da nake shiryawa ba. Baƙon ma iyakar abin da na ce masa shi ne ya zo da hauyarsa, kuma kada ya bi kiɗana sai ya ji nasa.

Gayyar Sarkin Noma ba ta barin kowa a gida, har baƙo dole ya zo. An yi ruwa kwana biyu kafin ranar, yashi ya yi laushi, gero ya kai gwiwa. Aka ja sahu daga kudancin gonar aka fuskanci arewa. Baƙon yana can gefe, an bar tazara tsakaninsa da na kusa da shi, kamar mai ƙazuwa. Na fara kiɗanmu na sara, mutane suka duƙa. Shi yana tafe a hankali, bai caka ba, bai kuma yi sauri ba.

Ba mu kai tsakiyar gona ba nishin nan ya taso daga arewa. Kawuna suka ɗago ɗaya bayan ɗaya. Can bayan tangaraho ga sahun mutanen arewa, a tsaye, sun fuskanto mu, suna tafe suna waƙa. Da yawa cikinmu ba su taɓa ganin haka ba. Aiki ya tsaya.

Sarkin Noma ya juyo gare ni, idonsa ja. "Me ya kawo waɗannan?"

"Gonarsu suke nomawa, Sarki."

"To kaɗa mana. Ko so kake su ce sun fi mu?"

Na kaɗa. Da farko gangunan biyu faɗa suka yi, kiɗana yana sare na tsohon makaɗin, nasa yana danne nawa, har mutanenmu suka fara rikicewa. Sai na rage zafi, na saurara. Nishinsa dogo ne, a cikinsa akwai fili. Na zuba sarana a cikin filin, na bar masa wurin da gularsa ke sauka. Shi ma na ji ya ɗan ja, ya buɗa mini. Abin da ya biyo baya har yau ban san sunan da zan ba shi ba. Ganga biyu ne, tsakaninsu gona da ƙarfen Turawa, amma abu guda kunne yake ji, kamar hannun mutum guda. Masu duƙawa suna sara a cikinsa, masu tsayuwa suna tafiya a cikinsa, ba wanda ya rasa wurin sa ƙafa. Na ji gashin kaina yana tashi. Ni ke kaɗawa, amma na rantse ba ni ke jan kiɗan ba, bin sa nake yi.

Baƙon kuwa sai ya miƙe ya saki ƙotarsa. Ya wuce na kusa da shi, ya wuce samarin da suka ce a kawo masa kujera, yana tafe ba gaggawa, ciyawa tana kwanciya a bayansa. Ba wanda ya yi dariya.

Sahu biyu suka yi ta matsowa har muna ganin gumin fuskokinsu. Lokacin take ya yi. Na fara da na Sarkin Noma, ya yi kirari har ƙasa tana amsawa. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga musu hauya. A can ma tsohon makaɗin yana bin nasa sahun. Na ji ya yi wa dattijo mai farin gemu nasa, ya zo kan gurbin, sai gangarsa ta yi shiru. A cikin shirun nan na taka na tsaya bayan baƙon, na kaɗa.

Riga rana fita, ɗan mai rumbu a bakin daji.

Ya tsaya cak. Ƙotar ta suɓuce daga hannunsa. Jikinsa ya ɗauki rawa tun daga gwiwa har haɓa, ya juyo yana neman gangar da ta faɗi haka, ya ga tawa ce. Mutumin da ba a jin maganarsa sai an roƙa ya buɗe baki ya yi kirari da muryar da ta daɗe a rufe, tana karyewa yana ɗorawa, yana kiran gonar ubansa da rumbun ubansa da rijiyar garinsu. Na tsaya da kiɗa. Duk gonakin biyu ba mai motsi.

Tsakaninsa da dattijon bai fi jifa ba. Dattijon ya buɗe baki zai amsa wa ɗansa, kamar yadda uba ke yi, sai ya tuna, ya rufe. Ya rungume ƙotar hauyarsa da hannu biyu, ya kafa ido a kan yashi.

Kowa ya koma kallon Sarkin Noma. Hauyarsa tana ƙasa. Ya taka a hankali ya bi sahun da baƙon ya nome, yana duba gindin gero ɗaya bayan ɗaya, har ya tsuguna ya tona yashin da yatsa ya ga saiwar ciyawa a yanke. Bai samu abin tsinta ba. Ya miƙe, ya zo kusa da ni, amma ba ni yake kallo ba.

"Wane ne wancan tsohon?"

"Ubansa ne, Sarki. A can an ce ɗansa ya mutu, shi ma haka yake faɗa. Ba shi da ikon amsawa."

Sarkin Noma ya dubi dattijon. Shi ma mutum ne da ya taɓa zama cikin rumbu yana jin ana kiransa ba shi da ikon amsawa. Can sai ya kama hauyarsa ta ƙarshen ƙota, ya ɗaga ta sama iyakar tsawon hannunsa, har yana ɗage dunduniya, ya juya bakinta arewa yadda ba wanda zai ce bai gani ba. Hauyoyin mutanenmu suka bi ta suka tashi.

"Jibi gonar bakin daji," in ji shi. "Kowa da kowa."

Na gyara ratayata zan koma kiɗan sara, sai ya dafa mini kafaɗa. Muryarsa ta dushe, da ƙyar na ji shi.

"Sake kaɗa masa. Ka ƙara ƙarfi, iska wajenmu take busowa, kada ubansa ya rasa ji."

Na sake kaɗawa.